Babi na Shida: Tsakanin Malami da Babba-da-jaka

A babin da ya gabata mun yi magana a kan kalmomin Turanci na ciniki da na lissafi waɗanda lafazinsu ke kama da juna, inda muka ga cewa iyakar hasarar wanda ya rikita su ita ce jan alƙalamin malami ko dariyar abokan karatu. Amma akwai wani jinsi na waɗannan kalmomi da kuskure a cikinsa ya fi haka nauyi, domin yana taɓa mutuncin mutane, watau kalmomin da ɗaya daga cikinsu sunan shugaban addini ne, ɗayar kuwa sunan dabba ko tsuntsu. Ba su da yawa ƙwarai, amma sun cancanci babi nasu, saboda duk wanda ya fahimci dalilin da ya sa ake rikita su, lalle ya fahimci rabin abin da ke wahalar da Bahaushe a cikin harshen Ingilishi.

Yaron da ya tashi a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, galibi ba ya shiga aji ɗaya na makarantar boko sai ya riga ya zauna gaban malamin allo, ya yi babbaƙu da farfaru, ya san ba guje da nun ara da kaf lasan. Larabci ta kunne ya zo masa, daga bakin malami, ana biya masa yana maimaitawa har harshensa ya faɗa. Turanci kuwa ta ido ya zo masa, daga allon bango da shafin littafi, kuma da wuya ya ji ana magana da shi a gida ko a kasuwa, in ban da abin da rediyo da wayar hannu ke kawowa. Saboda haka yakan karanta Turanci da ƙa'idar da ya sani, watau kowane harafi a ba shi haƙƙinsa, alhali kuwa Ingilishi harshe ne da ba ya riƙe wannan alkawari.

Bari mu fara da kalmar da ta fi kusa da mu. Mutanen Babura, da yake ƙasarsu ba ta da nisa da iyakar Nijar, kuma hulɗarsu da mutanen Magarya da Damagaram ta ciniki da auratayya ta girmi iyakar kanta, da yawansu sun san cewa a can ƙetare, idan ma'aikacin gwamnati ya juya harshe zuwa Faransanci zai ambaci malamin Alƙur'ani, *marabout* yake cewa, a furta ta "marabu", domin Faransawa ba su furta harafin ƙarshen. Kalmar nan ba ta Faransa ba ce a asali. Larabci ce tsantsa, daga murabiɗ, watau mai zaman ribaɗi, wanda ya tare a bakin iyakar Musulmi yana tsaro yana ibada yana karantarwa. Daga wannan tushe ne sunan daular Murabiɗuna ya fito, jama'ar Abdullahi ɗan Yasin, waɗanda suka taso daga Sahara a ƙarni na 11, suka gina Marrakesh, har sarkinsu Yusufu ɗan Tashfin ya ƙetare teku zuwa Andalus a 1086. Kuma wannan tafarki ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya sa'ad da ya zauna ribaɗi a Wurno, inda Allah ya karɓi ransa a 1837. Mutanen Fotugal suka fara ɗaukar kalmar, Faransawa suka karɓa daga gare su suka riƙa kiran kowane malami da ita tun daga Aljeriya har Sanagal da Nijar, sa'an nan Ingilishi ya ara daga Faransanci.

To, a nan gizo ke saƙar. Akwai wani ƙaton tsuntsu da dattawa suka sani sarai, ko da yake yanzu ganinsa ya yi wuya a ƙasarmu, wanda Hausawa ke kira babba-da-jaka: tsayinsa yakan kai ƙirjin mutum, kansa sanƙo ne ba gashi, bakinsa dogo mai kauri, bayansa baƙi cikinsa fari, ga wata jar fata tana reto a maƙogwaronsa, wadda ita ce jakar da aka yi masa suna da ita. Abincinsa mushe ne, tare da ungulu yake kiwo a bayan mahauta da kan juji, kuma idan ya ƙoshi sai ya ja gefe ya tsaya cik, ya noƙe wuya cikin kafaɗu, ya daɗe bai motsa ba. Wannan tsayuwa ce Turawa suka duba, suka ga kamar ta mutumin da ya shiga halwa, sai suka ɗauki sunan malami suka liƙa wa tsuntsun. A Faransanci har yau rubutunsu ɗaya ne. Ingilishi ne ya ɗan raba su, ya bar wa malami harafinsa na ƙarshe, ya cire wa tsuntsu, ya zama *marabou*, amma a bakin mafi yawan masu magana lafazin bai bambanta ba. Abin sha'awa, masana dabbobi da suka zo raɗa masa suna na Latin, kalmar da suka zaɓa ma'anarta mai ɗauke da jakar kuɗi, watau sun dubi abin da Bahaushe ya duba. Ni dai ban yi zaton wanda ya fara kiran mai cin mushe da sunan masu ribaɗi ya yi haka don girmamawa ba ne.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. A jaridun Turanci na Nijeriya kalmar *marabout* ta sake zamewa, ta koma nufin malamin tsibbu ko ɗan duba wanda masu neman mulki ke kai wa kuɗi da dare. Saboda haka ɗalibin da ya zauna zai rubuta tarihin kakansa, wani alaramma da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da almajirai a tsangaya, yana tsakanin ramuka biyu: in ya manta harafin ƙarshe ya mai da kakan nasa tsuntsu, in kuwa ya rubuta shi daidai, mai karatu a Ikko zai ɗauka boka ake nufi. Shawarata ita ce ya bar kalmar gaba ɗaya, ya rubuta *scholar*, ko ma ya rubuta *mallam*, domin wannan tamu ce, kuma manyan ƙamusoshin Ingilishi sun daɗe da karɓarta.

Wadda ta fi shahara a wajen Turawa da kansu kuwa ita ce *lama* da *llama*, waɗanda ba abin da ya raba su sai harafi guda da aka ninka, lafazinsu kuma ɗaya ne tak. Mai harafi ɗaya malami ne na addinin Buddha a ƙasar Tibet, ma'anar kalmar a harshensu babban mai karantarwa. Mafi girmansu shi ne Dalai Lama, wanda na yanzu shi ne na 14, an haife shi a 1935, ya yi gudun hijira zuwa Indiya a 1959 bayan Sin ta tsananta riƙon ƙasarsa, aka kuma ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1989. Mai harafi biyu dabba ce ta duwatsun Andis a Kudancin Amurka, a ƙasashen Peru da Bolibiya, 'yar uwar raƙumi ce amma ba ta da tozo kuma ba ta kai shi girma ba, ana yi mata lafti, ana saƙa da gashinta. Sunan daga harshen mutanen Kecuwa ya fito, Sifaniyawa suka rubuta shi da harafi biyu domin a ƙa'idar rubutunsu wannan ninki wani sauti ne dabam mai kusa da "ya". Ingilishi ya kwashi rubutun yadda yake, ya watsar da sautin. Kalmomi biyu ke nan, ɗaya daga tsakiyar Asiya, ɗaya daga bayan tekun Atilantika, ba dangin iya ba na baba, suka haɗu a baki ɗaya. Kuma don abin ya ƙara cakuɗewa, a littattafan ilmin halittu sunan jinsin dabbar na Latin da harafi ɗaya ake rubuta shi.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa irin wannan ya yi yawa a Ingilishi. Dalili na farko shi ne harshen maroƙi ne, ba ya ganin kalma a hannun wani bai ara ba, kuma sau da yawa yakan aro ta da tufafinta na rubutu. Na biyu kuwa, injin ɗab'i ya isa Ingila a 1476 a hannun William Caxton, a daidai zamanin da wasulan harshen ke cikin sauyawa a bakin mutane, sai rubutu ya daskare, lafazi ya ci gaba da tafiyarsa. Sakamakon haka shi ne harshe mai sautuka wajen 44 yana rubutu da haruffa 26, kuma wasula wajen 20 suna rabon haruffa 5.

Amma ba daidai ba ne mu ɗora wa Ingilishi laifin duka, domin akwai wani kashi na wannan rikici wanda daga harshenmu yake tasowa, Bature ba ya ma sanin akwai shi. A ce malamin Turanci ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙasar Roni ya rubuta *monk* a allo, ya nuna wani yaro da alli ya ce, "Kai, tashi ka karanta mana." Yaro ya miƙe ya ce, "Monki." Aji ya ɗauki dariya, alhali masu dariyar ma da za a tashe su ɗaya bayan ɗaya, abin da za su faɗa ke nan. Malam ya furta masa daidai, ya ce ya sake; ya sake, bai canza ba; da aka matsa masa sai ya ce, "Malam, ai haka na ce." Gaskiya kuwa ya faɗa, domin kunnensa bai ji bambanci ba. Hausa ba ta yarda kalma ta ƙare da baƙaƙe biyu a jere ba wasali, shi ya sa muka mai da kalmomin aro banki da tanki da benci. Wannan gyara da ya yi mana amfani a kasuwa shi ne ya ɗauki *monk*, watau rahibi, mutumin da ya bar aure da dukiya ya keɓe don bauta, irin Bahira wanda masu Sira suka ambata a Busra ta ƙasar Sham, ya ƙara masa wasali ɗaya ya mai da shi *monkey*, watau biri. Asalin *monk* daga Girkanci ne, ma'anarta makaɗaici, ba ta da wata alaƙa tabbatacciya da sunan biri. Ko wasalin tsakiyar ma yaudara ce, domin a kalmomin biyu ba "o" ake furtawa ba, wani gajeren sauti ne mai kusa da "a". Masana sun ce marubutan da ne suka riƙa sa "o" a madadin "u" idan ta faɗo tsakanin "m" da "n", saboda a rubutun hannu na wancan zamani haruffan nan uku duk 'yan sanduna ne a jere, ido ba ya raba su.

Haka kuma *rabbi* da *rabbit*. Ta farko malamin Yahudawa ce, wanda Larabawa ke kira habru, jam'insa ahbaru, kamar yadda aka yi wa Ka'abul Ahbari laƙabi. Ta biyu kuwa zomo. A bakin Bature sun yi nisa da juna, domin ta farkon "rabai" ake cewa. Amma ɗalibinmu, wanda yakan haɗiye baƙin ƙarshe idan bai ƙara masa wasali ba, yana iya karanta su duka da lafazi ɗaya. Kuma akwai wani tarko na biyu da ya fi wannan, watau idonsa na faɗawa kan kalmar sai zuciyarsa ta tafi ga Rabbi na addu'a. Ba a banza kamannin ya zo ba, domin Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, tushen kalmar a wajensu duka girma ne da shugabanci. Sai dai Yahudawa sun yi amfani da ita ga malaminsu da ma'anar shugabana, mu kuwa idan muka ɗaga hannu muka faɗe ta, Mahalicci kaɗai muke nufi. Wajibi ne malamin aji ya bayyana wannan filla-filla, kada yaro ya fita da zaton Yahudawa suna kiran malaminsu Ubangiji.

Akwai kuma *nun*, macen da ta keɓe kanta ga bauta ba ta aure, irin waɗanda mutanenmu suka sani da sista a asibitoci da makarantun mishan. Lafazinta ɗaya da *none*, watau babu ko ɗaya, su biyun kusa da "nan" ake furta su. Almajiri kuwa da ya gan ta sai ya ja wasalin, ya karanta ta kamar sunan harafin nan na allo, wanda kuma a Larabci yake nufin babban kifi, inda laƙabin Annabi Yunusa, Zunnuni, ya samo asali. Wannan dai bai cika jawo ɓarna ba, na kawo shi ne don a ga yadda harsuna uku ke cin karo a kan yaro guda.

Wanda ke jawo ɓarna shi ne *prophet* da *profit*. Gaskiya ne babu dabba a cikinsu, amma ba zan tsallake su ba, saboda ɗalibanmu da Turanci suke amsa tambayoyin darasin addinin Musulunci a jarrabawar fita sakandare, kuma ba ƙaramin abu ba ne yaro ya yi nufin rubuta Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hannunsa ya rubuta riba. Ta farkon daga Girkanci ta zo, shi ya sa take ɗauke da "ph" a tsakiya, wadda alama ce ta kalmomin Girka. Ta biyun daga Latin ta biyo ta Faransanci. Kunne ba zai taimaki kowa a nan ba, ko da kunnen Sarkin Ingila ne. Irinsu ne *pray* da *prey*, addu'a da abin farauta, waɗanda suka taru a kan ƙwaron nan ƙoƙi-ƙoƙi: Turawa suna kiransa *praying mantis* saboda yadda yake haɗa ƙafafunsa na gaba ya ɗaga su kamar mai roƙon Allah, kalmar *mantis* ɗin ma a Girkanci mai duba take nufi, amma da yake waɗannan ƙafafu da su yake cafke fara da ƙuda, da yawan Turawa da kansu sukan rubuta shi da harafin farauta, kuma ba za a ce ba su da uzuri ba. A kan wannan duka sai a ƙara tsohuwar matsalarmu ta "p" da "f", waɗanda Hausa ta ɗauke su harafi ɗaya, har *pastor*, wanda asalin ma'anarsa makiyayi, ya zama fasto.

Wani kashi kuma ba kuskure ba ne sam, da gangan aka yi shi. Turawa sun daɗe suna duban tufafin malaman cocinsu suna raɗa wa dabbobi suna da su. Manyan malaman Katolika masu zaɓen Paparoma jajayen riguna suke sawa, sai aka kira wani jan tsuntsu na Arewacin Amurka da sunansu, *cardinal*. Wata ɗariƙa ta rahibai da aka kafa a Italiya, Paparoma ya amince da ita a 1528, mabiyanta suna sa riga mai haɗe da hula irin ta alkyabba, ana ce musu *Capuchin*, sai sunan ya koma kan wani ƙaramin biri na Kudancin Amurka mai baƙin gashi a tsakar ka. Ba sai mun je nesa ba ma: ɗan tsuntsun nan da manoman Gwiwa da Kazaure ke gani da damina yana lilo a kan karan dawa ko cikin ciyawar fadama, wanda namijinsa yakan rikiɗe ya zama ja wur da baƙin ciki idan lokacin aurensu ya yi, sa'an nan da rani ya koma ruwan ƙasa ba mai kula shi, sunansa a littattafan Turanci *bishop*. Mafi ban mamaki a cikinsu ita ce *primate*. A coci tana nufin shugaban bishop-bishop na ƙasa, kuma da wannan laƙabi ake kiran shugaban cocin Angilika na Nijeriya. Amma a 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, da ya zo tsara halittu aji-aji, ya ɗauki kalmar, wadda asalinta na farko take nufi, ya sa wa ajin da ya tara birai da gwaggon biri. Ɗalibin da ya fito daga darasin ilmin halittu ya ɗauki jarida ya ga an ce *Primate* ya yi kira ga gwamnati, in ba a taɓa faɗa masa ba, yana da haƙƙin ya yi turus.

Kada mu yi saurin ganin baiken Turawa a kan wannan, domin mu ma mun yi. Wane ne ya dubi ƙwaron nan mai buɗe fukafukai yana rufewa ya ce masa malam-buɗe-littafi? Wa ya naɗa dila malamin daji a tatsuniya? Bambancin kawai shi ne namu mun san wasa ne, mun san inda ya tsaya. Na harshen wani kuwa ba mu san iyakarsa ba, sai mu faɗa ciki da gaske. Haka kuma baƙon da ke koyon Hausa, wanda kunnensa bai raba Shehu da shaho ba, ko kura da ƙura, yana cikin irin halin da yaronmu ke ciki.

Malamanmu na Musulunci sun riga kowa sanin wannan cuta, har sun ba ta suna, sun yi mata littattafai. Suna kiranta tas-hifi, daga sahifa, watau kuskuren wanda ya ɗauki ilmi daga takarda bai ji daga bakin malami ba. A farkon zamani rubutun Larabci ba shi da ɗigo, kuma ko bayan an sa, ɗigo ɗaya ne ya raba jamal da hamal, raƙumi da ɗan rago, ɗigo ɗaya ne kuma ya raba habru da khabaru, malami da labari. Abu Ahmad al-Askari, wanda ya rasu a 382 bayan Hijira, ya tara irin kurakuran da masu ruwayar Hadisi suka yi ta wannan hanya; Daraƙuɗni, wanda ya rasu a 385, ya wallafa littafi a kan sunayen maruwaita masu kama a rubutu masu saɓani a lafazi. Tun kafin su akwai Muhammadu ɗan Mustanir, almajirin Sibawaihi, wanda ya rasu a 206, ya tsara kalmomi uku-uku masu baƙaƙe ɗaya waɗanda wasali guda ke sauya musu ma'ana. Shi kansa ba a san shi da sunansa ba sai da laƙabin Ƙuɗrubu, sunan wata 'yar halitta mai yawon dare, wanda aka ce malaminsa ne ya liƙa masa saboda kullum ya buɗe ƙofa da asuba sai ya tarar da shi yana jira. Abin da waɗannan bayin Allah suka tsaya a kai shi ne, wani ilmin ba ya shiga sai ta kunne, wani kuma ba ya tabbata sai da alƙalami, kuma malami na ƙwarai shi ne wanda ya san wanne ne wanne.

Wannan fahimta ba ta mutu ba, tana nan a tsangayunmu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana sauraron tilawa ya ga yadda yake yi: yana kishingiɗe kamar mai gyangyaɗi, carbi a hannu, gardi yana ta zuba, da zarar ya sa kaf a gurbin ƙaf sai ka ji gyaran murya, a ce masa, "Koma." Ba zai wuce ba sai ya fitar da harafin daga mafitarsa, domin kowa ya san ƙalbu zuciya ce, kalbu kuwa kare. Idan kuma aka zo ayoyi masu kama da juna, waɗanda kunne kaɗai ba ya isa ya tsare su, sai a koma ga allo da tawada da ƙididdigar da alarammomi ke kira harji. Ga hanya biyu, kowace da inda take aiki.

A makarantun boko kuwa abin da aka saba shi ne malami ya ja layi a tsakiyar allo, ya jera kalmomi dama da hagu, ya ce a kwafa a haddace, ba tare da ya rarrabe wadda matsalarta ta lafazi ce da wadda matsalarta ta rubutu ce ba, kamar mai ba da magani ɗaya ga ciwon ido da ciwon kunne. *Monk* da *monkey*, *rabbi* da *rabbit*, da duk abin da ya shafi "p" da "f", ba su da magani sai a biya wa yaro da baki, ya ji ya maimaita, a tsai da shi a ce ya koma. *Lama* da *llama*, *marabou* da *marabout*, *prophet* da *profit*, ko shekara aka yi ana furta su ba za su rabu ba. Su shifta suke so, a cikin jimla cikakkiya, tare da ɗan labarin inda kowace ta fito, domin yaron da aka gaya wa cewa harafi biyun nan na Sifaniyawa ne kuma dabbar ta ƙasar da suka mallaka ce, da wuya ya sake mantawa. Irin su *primate* kuwa sai siyaƙin magana kaɗai, a duba abin da ke gaba da abin da ke baya. Jarrabawar kanta ba ta taimaka ba, domin sashen da hukumar WAEC ke kira gwajin lafazi a Nijeriya a rubuce ake yinsa, ɗalibi ya zaɓi amsa ba tare da ya buɗe baki ko ya ji muryar kowa ba. A ganina wannan shi ne ainihin abin da magabata suka kira ɗaukar ilmi daga sahifa, kuma muddin haka ake gwadawa, haka za a riƙa koyarwa.

Uzurin da aka daɗe ana bayarwa shi ne malamin kansa bai taɓa jin lafazin daga bakin masu harshen ba, kuma a da uzuri ne karɓaɓɓe. Yanzu ya faɗi, domin ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da mafi yawan malaman sakandare na ƙananan hukumomin nan huɗu, Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, suna yawo da waya a aljihu wadda ƙamus ɗin cikinta ke furta kowace kalma sau nawa aka so. Ina roƙon malaman Turanci na wannan yanki, kafin su shiga aji da irin waɗannan kalmomi, su saurari kowace a wayar tukuna, su raba na kunne da na alƙalami, su ware minti biyar na kowane darasi don biyawa da shifta; wanda kuma yake shakkar yadda ake gyara harshen yaro ba tare da an kunyata shi ba, ya sami wata safiya ya je tsangayar da ta fi kusa da makarantarsa, ya gai da alaramma, ya nemi izini ya zauna a gefe ya saurara.